Buɗaɗɗun bayanai: taron da bai kamata ya wuce ƴan kasuwar kan iyaka ba

A kowace shekara, a farkon watan Maris, matasa masu ilimin kwamfuta sukan shirya tarurruka da bita a biranen duniya domin Ranar Buɗaɗɗun Bayanai, wadda aka fara a shekarar 2010. Yawancinmu ƴan kasuwa mukan ɗauka harkar ƴan boko ce. Alhali abin da suke tattaunawa ya shafi aljihunmu kai tsaye.

Buɗaɗɗun bayanai su ne alƙaluma da taswirori da hukumomi ko ƙungiyoyi ke sakewa kyauta, kowa ya duba, ya kwafa, ya yi amfani da su ba tare da neman izini ba. A nan Nijar, hukumar SIMA ta daɗe tana tattara farashin hatsi a kasuwanni. Hukumar abinci ta duniya, PAM, ita ma tana saka farashin kasuwannin Nijar da Najeriya a intanet.

Darajar sanin farashi kuwa ba baƙon abu ba ne a gare mu. Wata masaniya ƴar Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006, lokacin da wayar salula ke shigowa. Ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, domin mai kaya yakan ji labarin kasuwa kafin ya yi lodi.

To amma tara alƙaluma daban, haɗa su daban. Gari ɗaya, takardar Faransanci ta rubuta Birni N'Konni, wata ta rubuta Konni, mu kuma mu ce Ƙwanni. Kwamfuta za ta ɗauka garuruwa uku ne. Wannan matsala ce tsarin haɗaɗɗun bayanai ke warwarewa, wanda Tim Berners-Lee ya shimfiɗa ƙa'idojinsa a 2006: a ba kowane abu lamba ɗaya tak, kamar lambar mota, sannan a ɗaura duk sunayensa a kanta. Rumbun Wikidata, da aka buɗe a 2012, haka yake aiki, kuma yana karɓar sunaye da Hausa.

A wajen bitar, aikin da ake yi ke nan: a koya wa mutane shigar da suna, gyara kuskure, da zana hanya a taswirar OpenStreetMap. Mazauna unguwar Kibera a Nairobi sun zana taswirar unguwarsu da kansu a 2009, bayan an daɗe ana barinta fili a taswira.

Matasan sun iya na'ura, amma mu muka san kasuwa. Mu muka san ranar da Jibiya ke ci da ranar Maigatari, da bambancin tiya da mudu, da canjin sefa da naira a Ɗan Isa ko Illela. Idan aka rubuta farashin buhu ba a faɗi tiya nawa ke ciki ba, alƙalumman sai su yaudari mai saye da mai sayarwa. Rufe iyaka da aka yi a 2019 da kuma 2023 ya nuna mana yadda jita-jita ke cinye jari idan babu sahihin labari.

Don haka muna kira ga ƙungiyoyinmu da sarakunan kasuwa, duk lokacin da aka ji labarin irin wannan bita a Maraɗi, Damagaram ko Tawa, a tura wakilai, a kuma nemi a yi bayani da Hausa. Wanda bai halarta ba, wani ne zai rubuta masa sunan kasuwarsa da ma'auninsa.