Amfani da Maganin Kashe Ƙwayoyin Cuta a Kiwon Maruƙa

Gabatarwa

Kiwon shanu ba sana'ar Fulanin daji kaɗai ba ce. A cikin birnin Kano akwai masu sayo maraƙi daga kasuwar Wudil ko ta Dambatta su turke shi don nama, akwai kuma masu ajiye saniya da ɗanta don nono. Cututtukan da suka fi addabar maraƙi a watanninsa na farko su ne zawo da ciwon huhu. Da zarar an ga alamarsu, sai mai kiwo ya sayo allura, galibi irin su oksitetirasaikilin, ya yi masa ba tare da tuntuɓar likitan dabbobi ba.

Inda Matsalar Take

Wannan rukunin magani bakteriya kaɗai yake kashewa. Sau da yawa kuwa bairos ne ke haddasa zawon maraƙi, don haka allurar ba ta da tasiri a kansa. Abin da ke kashe maraƙi mai zawo shi ne ƙarewar ruwan jiki, maganinsa kuma ruwan gishiri da sukari na dabbobi ne, tare da ci gaba da shan nono.

Haka kuma, idan aka ba da magani ƙasa da ƙa'ida, ko aka dakatar kafin kwanakinsa su cika, ƙwayoyin da suka fi juriya sukan tsira su hayayyafa. Daga nan sai su bi ta kashin shanu da ruwan kwata da hannun mai kiwo su isa ga mutum, musamman a unguwannin da turke da madafa suke tsakar gida ɗaya. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki.

Mafita

Garkuwar farko ta maraƙi ita ce dakashi, wato nonon farko na uwa. Wajibi ne ya sha isasshe cikin sa'o'i shida na haihuwa, domin bayan kwana guda hanjinsa ya daina tsotse sinadaran kariya da ke cikinsa. Sai tsabtace turke da igiyar cibiya. Idan magani ya zama dole, likita ne zai zaɓa, a kuma kiyaye wa'adin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a tatsi nono ko a kai dabba mayanka.

Kammalawa

Yawanci yara ne ke ba dabbobi dusa da ruwa a gida, su ake kuma aika sayen magani. Saboda haka malamin da ya fahimtar da ɗalibansa wannan darasi ya isar da shi har bakin turke.