Kwamfuta ba ta san sunanka ba, lambarka ta sani

A ɗakin kwamfuta na jami'a ko na ma'aikata, burin kowa shi ne ya zauna gaban kowace na'ura, ya shigar da sunansa da kalmar sirri, ya tarar da fayilolinsa yadda ya bar su jiya. Don haka ake ajiye rajistar masu asusu a kwamfuta guda, wato sabar, sauran su riƙa tambayarta. Kamfanin Sun Microsystems ne ya yaɗa wannan dabara a shekarun 1980 da tsarin da ya raɗa wa suna Yellow Pages, daga baya ya mayar da shi NIS, domin a Birtaniya sunan mallakin British Telecom ne. Shi ya sa har yau umarnan tsarin ke farawa da yp. LDAP ya biyo baya a 1993, sannan Microsoft ta kawo Active Directory tare da Windows 2000.

Ranar da abin ya ƙi, kalmar sirri ake fara ɗora wa laifi. A sauya ta sau uku, ƙofa na nan a rufe. Sau da yawa ba ita ba ce. A NIS, mai kula da sabar kan ƙara sabon asusu ya manta bai shiga /var/yp ya ba da umarnin make ba, sai rajistar da ake rabawa ta zauna yadda take tun jiya. Wannan gyaran minti ɗaya ne.

Wadda ta fi damuna ita ce matsalar da ba ta hana kowa shiga. A Linux da danginsa, suna na mutane ne. Na'ura lamba take gani, wadda ake kira UID. Yawancin Linux na yanzu kan ba asusun farko lamba 1000. To a ce wanda ya girka manhaja a wata kwamfuta ya buɗe wa kansa asusu a cikinta, ya samu 1000, alhali a sabar wannan lamba ta wata malama ce. Fayil ɗin nsswitch.conf, wanda ke faɗa wa na'ura wa za ta fara tambaya, galibi yakan sa rajistar cikin gida a gaba. Shi kuma NFS, mai raba fayiloli, a tsarinsa na gargajiya lambar da aka miƙa masa kawai yake dubawa. Sai ga mutumin nan yana buɗe makin ɗaliban malamar, yana iya gogewa, ba tare da ya fasa komai ba. Babu saƙon kuskure, babu mai kawo ƙara, don haka ɓarakar kan yi watanni. Wannan batun amana ne, alhali binciken bai da wuya: a ba da umarnin id da getent passwd a kan sunan mutum ɗaya a na'urori biyu, a gwada lambobin.

Wasu in NFS ya hana babban asusun root taɓa fayil, sai su cire kariyar root_squash don su huta. Kariyar nan ce ke mayar da lamba 0, wato ta root, ta zama ta baƙon da bai mallaki komai ba. Cire ta daidai yake da ba duk mai iko da kwamfuta ɗaya mabuɗin ɗakunan kowa.

Sai agogo. Kerberos, tsarin tantance masu shiga wanda aka ƙirƙira a jami'ar MIT ta Amurka kuma Active Directory ya dogara da shi, kan ƙi karɓar mutum idan agogon na'urarsa ya saɓa da na sabar da fiye da minti 5. A wurarenmu da ake yawan ɗauke wuta, tsohuwar kwamfutar da ƙaramin batirin cikinta ya mutu kan tashi da kwanan watan shekarun baya. Mai asusu ya shigar da kalmar sirri daidai, a ce masa a'a. A daidaita agogon da NTP, tsarin da ke saita lokacin na'urori, a sauya batirin, mutum ya koma bakin aikinsa.