Zaɓen Injin Walda Mai Tura Waya Don Aikin Gona da Ƙaramin Shagon Gida

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna da manoma ya san irin asarar da karyewar kayan aiki take jawowa. Idan garmar shanu ta karye ana tsakiyar huɗa, ko amalanke ya ɓalle ranar kwasar amfani, tilas a ɗauki ƙarfen zuwa gari wurin mai walda, a rasa yini guda ko biyu, alhali damina ba ta jiran kowa. Wannan ne ya sa manoma masu ɗan hali, da ɗalibanmu na sashen koyar da sana'o'i, suke yawan tambayarmu wane injin walda mai rahusa ya kamata su saya. A wannan takarda za mu duba iri guda, watau injin walda mai tura waya, mu nuna cewa arahar inji ba a kuɗin sayensa kaɗai take ba. Inji mai araha shi ne wanda wutar da mutum yake da ita za ta ɗauka, wanda kuma za a sami kayan aikinsa a kasuwa.

2.0 Yadda Injin Yake Aiki

Waldar da aka fi sabawa da ita a garuruwanmu ita ce ta sanda, inda mai walda yake maƙala sanda a hannun walda, in ta cinye ya sake wata. Shi kuwa wannan inji, waya ce siririya a naɗe a ƙullu, wani ɗan moto yana turo ta ta cikin tiyo har bakin bindigar walda. Da an danna kunama sai waya ta riƙa fitowa tana narkewa tana cike gaɓar. Saboda haka koyonsa ya fi sauƙi, kuma ya fi dacewa da ƙarfe maras kauri, wanda sanda takan huda.

An fara wannan hanya a Amurka a 1948, musamman don waldar alminiyum. A 1953 masana a tsohuwar Tarayyar Sobiyat suka nuna za a iya amfani da iskar kabon-dayoksaid wajen waldar ƙarfe, abin da ya rage tsadar aikin ƙwarai. A 1959 kuma kamfanin Lincoln Electric ya fito da wayar da ba ta bukatar gas. Daga nan injin ya kasu gida biyu, kuma a kan wannan rabuwa ne zaɓen mai saye ya fi rataya.

3.0 Mai Gas ko Maras Gas

Narkakken ƙarfe ba ya shiri da iska. In iska ta shige shi sai waldar ta yi ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, ta rasa ƙwari. Kashi na farko, wanda ake rubuta wa MIG a jiki, yana aiki da waya zalla, sa'an nan gas daga tukunya ya lulluɓe wurin. Gas ɗin yakan zama kabon-dayoksaid tsantsa, ko kuwa gaurayen agon kashi 75 da kabon-dayoksaid kashi 25. Waldarsa tana fita sumul, ba kashin da za a kankare. Amma tana da sharuɗɗa: sai an sayi tukunya da ma'auninta, sai an san inda za a riƙa cika ta, kuma iskar da ta wuce gudun kilomita 8 a awa tana kore gas ɗin. Ga wanda zai yi aiki a fili cikin hunturu, wannan babban cikas ne.

Kashi na biyu yana aiki da waya mai rami, wadda aka cika cikinta da hoda. Yayin da hodar take ƙonewa ita ce take kare waldar, kamar dai yadda rufin sandar walda yake yi. Tana da hayaƙi da tartsatsi, tana barin kashi, kuma kilo ɗinta ya fi na waya zalla tsada. Duk da haka tana jure iska, tana ratsa ƙarfe sosai, tana kuma haƙuri da ɗan tsatsa. A ganinmu ita ce ta dace da gona. Wanda yawancin aikinsa ƙofofi da tagogi ne a cikin shago, shi ne mai gas zai fi yi wa amfani. In da hali, a sayi injin da yake yin duka biyun, a tabbata ana iya sauya masa igiyoyin wuta, domin waya zalla tana son bindiga a gefen alamar tarawa, galibin wayoyi masu hoda kuwa a gefen alamar ɗebewa.

4.0 Kaurin Ƙarfe da Ƙarfin Inji

Ana auna ƙarfin inji da amfiya. Ƙa'idar da masu sana'a suke bi ita ce kimanin amfiya 40 ga kowace milimita ta kaurin ƙarfe. Ke nan bututun ƙofa mai milimita 1.5 yana son wajen amfiya 60, ƙarfen kwana mai milimita 3 kuwa wajen 120. Injin da yake ba da 140 zuwa 160 ya wadatar da yawancin gyare-gyaren gona. Ƙarfe mai milimita 6 sai an fere bakinsa da girandi, a bi shi sau biyu ko uku, kuma a nan dole a lura da lambar waya: E71T-GS ta bi ɗaya ce kawai, E71T-11 ita ce ake iya maimaitawa a kanta.

A nan ne haɗari yake. Ƙaramin inji yana iya shimfiɗa walda kyakkyawa a ido a kan ƙarfe mai kauri ba tare da ya narkar da shi ba, waldar ta zauna a sama kamar kakin zuma. In irin wannan ce ta riƙe maɗaurin tirela, ranar da za ta saki da kaya a kai za ta saki, wataƙila da mutane a baya. Aikin da rai ya rataya a kansa a bar wa babban inji da ƙwararren hannu.

5.0 Juriyar Inji

A jikin kowane inji akwai allon bayani, kuma lambar da masu saye suka fi tsallakewa ita ce ta juriya. Ana lissafinta a kan minti 10. In an rubuta kashi 20 cikin ɗari a amfiya 90, ma'anarsa minti 2 na walda, minti 8 na hutu. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa tana auna wannan a zafin digiri 40, amma wasu masu ƙera injuna masu araha suna aunawa a ƙasa da haka don lambar ta yi kyau. Mu kuwa a Sakkwato ko Maiduguri zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40. Saboda haka babbar lambar da aka manna a kwali ba ita ce abin dubawa ba. A duba amfiya nawa injin yake bayarwa a kashi 60.

6.0 Matsalar Wuta

Yawancin shawarwarin da ake rubutawa kan waɗannan injuna don manoman Amurka aka yi su, inda wutar gida take da ƙarfin bolt 120. Tamu 230 ce. Injin 120 da aka shigo da shi na hannu, kome arahar sa, sai an haɗa shi da babbar taransifoma, riba ta koma asara. Bugu da ƙari, tunda gonaki da yawa da janareta suke aiki, ya kamata a yi lissafi. Amfiya 140 a bolt 21 ya kama wat 2,940 a bakin bindiga, abin da injin yake ja kuwa ya fi haka nesa. Janareta mai kVA 5 zuwa 7 shi ne daidai.

Injuna iri biyu ne ta fuskar ƙira. Mai taransifoma yana da nauyi, yana shan wuta, amma yana da ƙarko, kuma masu naɗin waya na cikin gari suna iya gyara shi. Mai inbata ba shi da nauyi, yana tattalin wuta, sai dai allonsa ba ya jure hawa da saukar wuta, ba ya kuma son ƙura. Har wa yau, a guji mafi arahar injunan waya mai hoda waɗanda suke ba da wuta mai kai-da-komo, domin an yi wayar ne don wuta mai tafiya ɗaya.

7.0 Kayan Gyara da Kariya

Kafin a biya kuɗi, a zaga kasuwa a tambayi waya mai milimita 0.8 ko 0.9, da bakin bindiga na jan ƙarfe, wanda yake cinyewa a kai a kai, da tayar tura waya mai haƙora. In babu su, injin zai zama kayan ado. Wannan ne ma dalilin da ya sa muke ganin injin da ya haɗa da waldar sanda ya fi, don sanda ba ta yankewa a kasuwa. A kuma sa kuɗin hular walda mai duhun lamba 10 ko fiye, da safar fata, cikin lissafi. Ƙarfe mai rufin tutiya kuwa a goge shi tukuna, a yi aikin a sarari, gama hayaƙinsa yana kawo zazzaɓi.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa tambayoyi biyar ne suke gaban mai saye: kaurin ƙarfensa, inda zai yi aiki, juriyar inji, wutar da yake da ita, da samuwar kayan gyara. Ga manomi, shawararmu ita ce inji mai bolt 230, amfiya 140 zuwa 160, mai wuta tafiya ɗaya, mai aiki da waya mai hoda da kuma sanda. Muna kira ga 'yan'uwanmu malamai su koya wa ɗalibai karanta allon bayanin inji, su kuma sa su karya waldar gwaji da guduma a bita, domin su ga cikinta da idonsu kafin su amince da ita a gona.