Ɗabi'ar Tsaba da Hikimar Injin: Nazari Kan Sarrafa Hatsi a Ƙasar Gwashi

Duk mai lura da al'amarin noma a Gwashi da sauran ƙauyukan Bukkuyum, da Gummi, da Anka, ya san cewa injin sussuka yana ta karɓe aikin turmi da taɓarya, kuma hatsin da kakanni ke jibgewa dami-dami cikin rumbu, yanzu tsabarsa ake ɗurawa a buhu. Babban sababin wannan sauyi shi ne rashin aminci, domin manomin da ke fargabar a ƙone masa rumbu ba zai bar amfanin shekara a ƙauye ba, alhali kuwa buhu ya fi dami sauƙin ɗauka zuwa gari. Sai kuma ƙarancin hannu, tun da samari da yawa sun koma haƙar zinariya ko sun tafi cirani.

To, amma tsaba tana da ɗabi'a tata wadda ba ta ruwa ba ce, ba kuma ta dutse ba. Tun a 1895 wani injiniya Bajamushe mai suna Janssen ya tabbatar da cewa idan aka cika dogon rumbu da tsaba, nauyinta ba ya sauka duka a ƙasa, sai bango ya ɗauki kaso mai yawa saboda gogayyar da ke tsakaninsu. A 1979 kuma wasu masana biyu, Cundall da Strack, suka fito da hanyar lissafi wadda a cikinta kwamfuta ke bin kowace ƙwaya ɗaya bayan ɗaya, tana hisabin karonta da 'yan'uwanta, har ta nuna inda hatsi zai kwarara da inda zai toshe tun kafin maƙeri ya yanka ƙarfe. Sharaɗin wannan hikima shi ne a ba na'urar sahihin ma'auni: girman ƙwaya, da siffarta, da nauyinta, da santsinta, da laimar da ke cikinta, da gangaren da tarinta ke yi idan an zuba ta a ƙasa.

A nan fa'ida da illa suke rabuwa. Injin sussuka yana gama aikin kwanaki cikin yini guda, ya kuma hutar da mata wahalar sussuka. Sai dai galibin ma'aunan da masana suka tara na alkama ne da masara da waken suya, kuma injin da aka tsara bisa siffarsu, idan ya haɗu da gero mai ƙananan ƙwayoyi, sai ya hure shi tare da ƙaiƙayi, dawa kuwa ya farfasa ta idan ta bushe ƙwarai, fasasshiyar ƙwaya kuma ita ƙwari suka fi saurin ci. Haka nan tsabar da laimarta ta haura kamar kashi 13 cikin 100 takan dunƙule ta yi fumfuna a buhu, alhali zangarniya a dami tana shan iska.

Saboda haka wajibi ne cibiyoyi irin su Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta daɗe tana ƙera injunan sussuka, su auna ire-iren geron da dawar da ake shukawa a yammacin Zamfara, su miƙa natijar ga maƙeran gida cikin harshen da suke ji. Manomin da ke cizon ƙwaya don sanin bushewarta ya riga ya mallaki asalin wannan ilmi. Abin da ya rage shi ne a mayar da shi adadi, a gina injin a kansa.