Tsare Amanar Jarrabawar Makarantu: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

Kowace shekara, daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina, yaran da suka kammala sakandare su kan zauna jarrabawar fita. An shirya wannan takarda ne domin hakimai da malaman ofisoshinsu su san yadda a ke tsare takardun jarrabawa, da inda ɓarna ta kan shiga, da kuma irin taimakon da a ke nema daga gare su.

Masu Shirya Jarrabawa

Hukumar WAEC an kafa ta a 1952, tana kuwa aiki a ƙasashe biyar, watau Nijeriya, da Gana, da Saliyo, da Gambiya, da Laberiya. Hukumar NECO, wadda babban ofishinta ya ke Minna, an kafa ta a 1999. Ita ce kuma ke shirya jarrabawar shiga makarantun sakandare na Gwamnatin Tarayya. Hukumar JAMB ta soma aiki a 1978, ita ke jarraba masu neman shiga jami'a, tun 2015 kuwa da kwamfuta a ke yin jarrabawarta duka.

Abin da ya sa takardar shaidar WAEC da ta NECO ta ke da daraja shi ne, yaron Gumel da na Ikko tambaya ɗaya su ke amsawa, rana ɗaya, sa'a ɗaya, ba wanda ya riga wani gani. In tambayoyin suka fita a gari ɗaya kafin lokaci, to, ma'aunin ya karye a ƙasa duka. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Wannan cuta ba sabuwa ba ce. Tun a 1914 aka sami labarin fitar tambayoyin jarrabawar Kambirij a Nijeriya. A 1977 tambayoyin WAEC suka bazu ƙwarai, har Gwamnatin Tarayya ta naɗa kotun bincike. A watan Mayu na 2025 kuma aka jinkirta takardar Turanci ta WAEC saboda ƙoƙarin toshe fitar tambayoyi, har yara a wurare da yawa suka yi rubutu da dare, da hasken tocila. Mafi yawansu ba su saci kome ba, amma su suka sha wahalar.

Tafiyar Takarda Daga Hannu Zuwa Hannu

A kan buga tambayoyi a asirce, a ƙidaya su gwargwadon yawan yaran kowace makaranta, a rufe cikin ambulan mai hatimi wanda ba ya buɗuwa sai an yage shi. Daga nan a kai su wurin ajiya da hukuma ta zaɓa. Ranar jarrabawa mai kula da cibiya, watau malamin da aka turo daga wata makaranta dabam, shi ke zuwa ya karɓi takardar wannan lokaci kaɗai, ya sa hannu, ya wuce ɗakin jarrabawa ba tare da ya ratse ko'ina ba.

In ya isa, sai ya ɗaga ambulan ya nuna wa yara da masu tsaro, kowa ya ga hatimi bai taɓu ba, sa'an nan ya buɗe a gabansu. Wannan shi ne ginshiƙin aikin duka. Ambulan da aka buɗe a ofishin shugaban makaranta, ko cikin mota, ko da da minti goma ne kafin lokaci, ya riga ya lalace, domin wayar hannu tana iya ɗaukar hotonsa ta watsa shi jihohi da yawa kafin a buga ƙararrawa.

Bayan an gama, a ƙidaya takardun amsa a gwada da rajistar waɗanda suka zauna, a rufe su nan take a cikin ɗakin, a mayar wurin ajiya a ranar. Takardar amsa ba ta kwana a makaranta, ba ta kwana a gidan kowa.

Cikin Ɗakin Jarrabawa

Ga ƙa'idodin da masu tsaro su ke bi:

1. A duba fuskar kowane yaro a gwada da hotonsa da lambarsa, domin kama sojan gona, watau wanda ya zo ya rubuta wa wani. A jarrabawar JAMB har yatsa a kan dangwala.

2. A bincike yara a bakin ƙofa. Mata su ke bincikar 'yan mata, a keɓe, cikin mutunci. Waya, da littafi, da guntun takarda duk a waje su ke tsayawa.

3. A zaunar da yara bisa jerin lambobinsu, da tazara tsakaninsu, a share allo, a cire duk wani abin karatu da ke jikin bango.

4. Malami ba ya tsaron darasin da shi ya koyar. Ba zarginsa a ke yi ba, raba shi a ke yi da tausayin da zai sa ya yi abin kunya.

5. Mai tsaro ba ya zama wuri ɗaya, ba ya hira, ba ya fassara wa yaro tambaya. Yaron da ya nemi zagayawa, a haɗa shi da mai rakiya.

6. In an kama yaro da satar amsa, ba duka, ba zagi. A karɓe abin da aka same shi da shi, ya rubuta bayaninsa, mai tsaro ya rubuta nasa, a haɗa da takardar amsarsa a aika wa hukuma. Ita ce mai yanke hukunci.

Abin Da Doka Ta Ce

Dokar Hana Maguɗin Jarrabawa ta 1999 ta tanadi cewa yaron da bai kai shekara 18 ba, in an same shi da laifin satar amsa, a ci shi tarar Naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce shekara uku ba, ko a haɗa masa duka biyu. Shugaban makaranta kuwa, ko malami, ko mai tsaro, ɗaurin shekara huɗu ne, ba zaɓin tara. Ban da wannan, hukumar jarrabawa tana da ikon riƙe sakamako, ko soke shi, ko ta hana makaranta zama cibiya. In haka ta faru, sai iyaye su riƙa ɗaukar 'ya'yansu zuwa wani gari, da kuɗin mota da na masauki.

Aikin Hakimi Da Malaminsa

Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 makarantu ba su ƙarƙashin En'e. Saboda haka hakimi ba shi da aiki a cikin ɗakin jarrabawa, kuma kada ya shiga, kada ya aiki dogari ko wani bafade. Amma yawancin ɓarna daga wajen ɗakin ta ke tasowa, nan kuwa ƙasarsa ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kafin a soma, ya kamata hakimi ya tara dagatai, da masu unguwanni, da limamai, da shugabannin ƙungiyar iyaye da malamai, ya gargaɗe su. Musamman ya hana karo-karon nan da a kan tara da sunan kuɗin ruwan baƙi, domin a toshe bakin mai kula da cibiya. Ko da wane suna aka kira shi, cin hanci ne. In baƙon yana bukatar masauki, a sauke shi inda ba mai ɗa a jarrabawar, kada kuma mai makaranta ya ɗauki nauyinsa.

Ranar jarrabawa masu unguwanni su hana samari taruwa a bayan katanga da gindin tagogi, su kau da masu talla daga ƙofar makaranta. Inda rafi ya kan cika ya yanke hanya da damina, dagaci ya shirya masu fito tun da wuri, don kada takarda ta makara. Jinkiri ƙofar ɓarna ne.

Malamin hakimi ya ajiye jadawalin jarrabawa a ofis, da sunayen makarantun da ke cibiya a gundumar. In labari ya zo cewa ana sayar da tambayoyi, ya rubuta rana, da wuri, da abin da aka gani, hakimi ya sa hannu, a aika wa jami'in ilmi na yankin da babban ɗan sanda a ranar. Kada a bayyana sunan wanda ya kawo labarin. Iyaye kuma a faɗa musu, da yawa daga cikin tambayoyin da a ke tallarsu ta waya na ƙarya ne, kuɗinsu kawai za a ci.

Abu mafi nauyi shi ne, wata rana ɗan hakimi, ko jikan wani babba, shi za a kama. Za a zo da dare a ce, "Ranka ya daɗe, a sa baki." Ranar nan ce jama'a za su gane ko gargaɗin da aka yi musu gaskiya ne. In hakimi ya nemi alfarma sau ɗaya, ba mai tsaron da zai sake tsayawa a gundumarsa.

Yaron da ya sami takarda da amsar sata, gobe shi ne zai ba da magani a asibitin gunduma, shi ne zai koyar da 'ya'yan talakawa, shi ne zai auna gonaki. Saboda haka ana roƙon hakimai su sa a karanta wannan takarda a majalisarsu kafin jarrabawar bana, su kuma aika da bayaninta ga dagatansu duka.