Kiɗan da Ya Ƙare da Rufe Ƙofa

Duk wanda ya taɓa kwana a tsakar gida a Ɗanzomo ko Maigatari lokacin kaka ya san halin sama: da almuru ga Zara kusa da wata, in dare ya raba ga Kaza da 'Ya'yanta bisa kai, gari ya yi tsit.

A wurinmu kiɗa na taro ne. Tambari da algaita a ƙofar Sarkin Gumel, gangar noma wurin gayya, kowanne kiran jama'a yake yi. To, ga labarin wani kiɗa wanda ƙarshensa shiru ne.

Gustav Holst mutumin Ingila ne, malamin kiɗa a wata makarantar 'yan mata ta London. Tsakanin 1914 da 1917 ya tsara kiɗa kashi bakwai, kowane kashi da sunan tauraro guda daga masu kewaya rana, bisa halayen da masu hisabi ke jingina musu. Aka fara kaɗa shi a 1918, masu goge da masu busa jingim. Kashin Mirrihu na yaƙi ne, mai tsawa. Na Zuhura, wato Zara, na salama ne: ƙaho ɗaya ya fara, sauran su amsa a hankali.

Na ƙarshe shi ne Naftun, tauraron da ido ba ya gani, wanda masu ilmin falaki suka gano da lissafi a 1846. Nan Holst ya sa mata su rera murya ba kalma, suna ɓoye cikin wani ɗaki, ana tura ƙofa sannu sannu, har mai saurare ya kasa sanin inda sauti ya tsaya.

Daga baya mutane suka hau sama. A 1962, da John Glenn ya kewaya duniya, tashar da Amurkawa suka kafa a Kano tana cikin masu bin sawunsa. A 1989 kumbon Voyager 2 ya gifta Naftun bayan tafiyar shekara 12. A sararin samaniya kuwa babu iskar da za ta ɗauki sauti. Ashe makaɗin bai yi kuskure ba.

Mu sama ba ta ɓace mana ba, sunayenta ne ke ɓacewa. Yaro ya san sunan kowace waya, bai san Gamzaki ba. Daren yau ku kashe fitila, ku fito da yara, ku nuna musu.