Amsar Takardunku: Yaya Zan Haɗa Goron Sallah Da Ba Zai Lalace A Hanya Ba?

 Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wata baiwar Allah a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi, ta kuma roƙi mu sakaya sunanta. Ta ce bara da Ƙaramar Sallah ta tashi tun asuba ta toya waina da funkaso, ta yi miyar taushe da kaji biyu, ta zuba a samira ta ba direba ya kai wa surukanta a Kaduna. Mota ta lalace a hanya, ba ta shiga gari ba sai bayan isha'i. Ko da aka buɗe, miya ta yi kumfa, waina ta yi yauƙi, sai zubarwa aka yi. Har yau in dangin miji suka taru sai an tayar da zancen. Bana tana so ta fita kunya. Ta ga irin kwandunan kyautar nan da ake naɗewa da leda mai ƙyalli a kantunan birni, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin maigidanta, wanda manomi ne. Shi ne take tambaya, mene ne abin yi?

To Malama, da farko dai ki kwantar da hankalinki, girkinki ba shi da laifi. Abincin Sallah iri biyu ne, akwai na maƙwabta, akwai na tafiya. Waina da funkaso da tuwo da miya na maƙwabta ne, a ɗora wa yaro a ka, ya kai, a ci da zafinsa. Abin da zai hau mota kuwa dole ne ya zama busasshe, ko soyayye ƙarau, ko wanda sukari ko zuma ta ratsa shi.

Dalili kuwa shi ne, ƙwayoyin cutar da ke ruɓar da abinci abu biyu suke so, damshi da ɗumi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana gargaɗin kada a bar dafaffen abinci a ajiye haka nan fiye da awa 2. Ga shi kuma Sallah tana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara. A 2025 Ƙaramar Sallah ta faɗo ne a ƙarshen watan Maris, Babba kuma a farkon Yuni, wato ɗaya a tsakiyar bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a ƙasashenmu, ɗaya kuma a bakin damina. Kin ga ke nan miya a rufe cikin bayan mota ba ta da inda za ta tsira.

Iyayenmu sun san wannan tun kafin a zo da firji. Ki dubi garar da ake kai wa amarya: nakiya, alkaki, dubulan, man shanu. Duk cikinsu babu mai lalacewa a kwana biyu. To irin wannan hikima za ki ɗauko, kuma yawancin kayan suna cikin rumbunku.

In kuna da riɗi, ki yi kantu. Ki wanke shi, ki rege tsakuwa, ki shanya ya bushe sarai, ki soya sama-sama a busasshiyar tukunya. Sa'an nan ki narka sukari har ya yi ja, ki juye riɗin ki gauraya da hanzari, ki baza a faranti da aka shafa wa mai, ki yayyanka tun da zafinsa, domin in ya huce sai dai fasawa. In gyaɗa ce ko aya, ga dakuwa, ga ƙuli-ƙuli. In akwai shinkafa, nakiya ita ce sarauniya, domin in ta ji zuma da citta da kanumfari da masoro takan yi watanni ba ta canza ba. Cincin kuma shi ne abin da yaran gidan za su fara kai wa hannu.

Nama shi ne mai wuyar sha'ani. In za ki sa shi, to ki mai da shi dambu. Ki dafa da albasa da kayan ƙamshi har ruwan ya tsotse, ki daka a turmi, ki soya a wuta kaɗan-kaɗan kina juyawa har sai kumfar man ta kwanta, kin ji yana ƙaras-ƙaras a cokali. Wannan kumfa ruwa ne ke fita, muddin tana tashi to da sauran aiki. Sai ki tsane man sosai. Haka man shanu, a soya shi da albasa har ya daina tsartsatsi kafin a zuba a busasshiyar kwalba.

Kada kuma ki raina kayan miya. Abin da yake banza a ƙauye, a birni da kuɗi ake nemansa, sau da yawa ma ba a samun mai kyau. Garin kuka mai kore shar, busasshiyar kuɓewa, daddawar kalwa, da yajin da kika daka da hannunki, waɗannan uwar mijinki za ta yi wata guda tana miya da su tana sa miki albarka. In akwai mai ciwon sukari a gidan, su ne ma rabonsa, tun da kantu da alkaki ba nasa ba ne. In kin sa zuma, ki aika da saƙon kada a lasa wa jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, domin likitoci sun hana.

Yanzu ga gargaɗi guda, wanda nake so manoma da 'yan kasuwa duk su buɗe kunne su ji. Gyaɗa da masarar da suka sha damshi a ajiya suna yin fumfuna, ita kuma tana haifar da wata guba da ake kira afulatoksin, mai lalata hanta. Ba a ganin gubar da ido, kuma suya ko dahuwa ba sa kawar da ita. A shekarar 2004 a ƙasar Kenya, mutum 125 suka rasu bayan cin masarar da ke ɗauke da ita. Saboda haka kafin ki soya gyaɗa, ki baza ta a faifai da rana tsaka ki tsince. Duk ƙwayar da ta motse, ko ta canza launi, ko ƙwaro ya huda, ko take da ɗaci, a fitar da ita. Kada a ce asara ce a tura ta cikin ƙuli-ƙuli, kada kuma a ba saniyar tatsa, domin gubar tana bi ta cikin nono.

Sai maganar zubawa, a nan ne mata da yawa ke yin tuntuɓe bayan sun gama wahala. Kada ki rufe komai da zafi. Lokacin da nake koyarwa a firamare nakan sa yara su riƙe murfi a kan tukunyar ruwan zafi, su ga yadda tururi ke komawa ɗigon ruwa. Abin da ke faruwa ke nan in kin ƙulle cincin ko dambu a leda bai huce ba. Ruwan ya koma ciki, bayan kwana uku sai fumfuna. Ki baza a faranti, ki rufa da tsumma mai tsabta saboda ƙuda, sai ya huce sarai.

Kowane abu da mazubinsa. Dambu da man shanu a kwalba ko roba mai murfi, wadda aka wanke ta bushe a rana. Yaji da daddawa a ƙulle su ninki biyu, in ba haka ba kantunki zai iso yana warin daddawa. Kada a yi amfani da galan ko robar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi, ko buhun taki, ko takardar siminti, ko an wanke. Haka takardar jarida, har da wannan da ke hannunki, tawadarta tana narkewa a jikin mai. In ana so a haɗa da sabulu ko turare, a yi musu ƙunshi dabam.

Kwandon kansa ba sai na kanti ba. Kwandon kaba, ko adudu, ko sabuwar ƙwarya da faifanta, ko samira, duk sun isa, kuma mazubin ma kyauta ne, za a ci gaba da mora. Masu nauyi a ƙasa, masu karyewa a sama, a ɗaure da sabon ɗankwali. Ki roƙi direba kada ya ajiye kusa da jarkar fetur ko kananzir. Kala huɗu ko biyar masu kyau sun fi goma na garaje.

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Saura mako guda ki yi tsinta da wanki da shanya da daka. Saura kwana huɗu ki yi kantu da nakiya da cincin. Dambu saura kwana biyu, jajibere kuma sai ɗauri. In Babbar Sallah ce, sai a jira naman layya, a soya, a aika rana ta biyu ko ta uku, ai ba a makara ba.

'Yan'uwa mata masu sana'a, wannan ma hanyar samu ce, domin ma'aikata da yawa a birni suna son irin wannan kwando, lokacin yi ne ba su da shi. Sai dai ku lissafa har da itace da mai da leda da kuɗin mota kafin ku yanka farashi, ku kuma rubuta ranar da aka yi kayan a jiki. In sana'a ta bunƙasa har za a kai manyan kantuna, to sai an nemi rajistar hukumar NAFDAC.

Daga ƙarshe, ina jan kunnen maigida. A fara fitar da zakkar fidda-kai, a ware abincin gida, abin da ya saura shi ne na kyauta. Kada a kuskura a taɓa irin shuka, domin damina tana bakin ƙofa, wanda ya soye irinsa a watan Sallah zai saye shi da tsada ranar da aka yi ruwan shuka. Kada kuma a ci bashi don a burge surukai, kowa ya san Sallah takan wuce ta bar wawa da bashi.

Malama, muna fata kin gamsu. In kwando ya isa lafiya, ki sake rubuto mana mu ji abin da surukan suka ce. Sauran masu takardu ku ƙara haƙuri, muna bin su ɗaya bayan ɗaya. Allah ya kai mu Sallah lafiya, ya bar zumunci, amin.